Na bar manhajar waya, yanzu da kwamfuta nake juya waifai ɗin gidana

Da za a ba ni taurari biyar a ce in raba, huɗu zan ba shafin rauta, na'urar da ke ba gida waifai, da ake buɗewa a kwamfuta, ɗayan in riƙe abina, don manhajar waya da aka haɗo ni da ita ko rabin tauraro ba ta ci ba. Rautar irin ta kowa ce, farar nan mai cin sim, mai eriya biyu a baya. Kun san kuɗinta, kun san layin da ake sayar da ita a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ranar da na saya, mai shagon ya karɓi wayata ya sauke min manhajarta, ya ce, "Malam, komai a nan yake, ba ruwanka da kwamfuta." Kuma gaskiya da farko abin ya burge ni. Ga hoton rauta a tsakiya, ga ƙarfin sabis, ga maɓallin kashewa da kunnawa, kana kwance a kan katifa kana danne-danne.

Abin da ya raba ni da ita data ce. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowa ya koma lissafin giga, ni ma haka. Ta wata nake sa wa gidan, amma sai ta riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba. Na zargi yara da kallon bidiyo, na zargi maiɗakina da ɗora hotunan atamfa da leshi da take tallatawa a WhatsApp, ita kuma ta zarge ni da kallon ƙwallo. Manhajar ba ta raba mana gardama ba. Abin da kawai take nunawa shi ne adadin na'urorin da ke haɗe, sai jerin sunaye da yawancinsu "Unknown" ne. Ka danna ɗaya, ba bayani, sai maɓallin toshewa. Na toshe waɗanda ban gane ba, washegari adadin ya dawo yadda yake.

To ranar da abin ya kai ni bango, dare ne da nake shigar da sakamakon jarrabawar ɗalibai, kuma da safe za a rufe shafin. Ina tsaka da aiki intanet ta tsaya cak. Na ɗauki waya na buɗe manhajar don in ga ko data ce ta ƙare ko sabis ne ya gudu, sai ta ce in sake shiga asusuna. Shiga asusun kuma sai da intanet. Wato sai kana da intanet za a bar ka ka duba abin da ya hana ka intanet! Na kunna datar wayata, na samu na shiga, sai ta ce ba ta ga rauta ba. Ashe wayar ta lura waifai ɗin ba ya kai ta ko'ina, ta saki layinsa ta koma kan datarta. Na kashe data, manhaja ta sake neman asusu. Haka muka yi ta zagaye, rautar tana gabana a kan teburi, hannuna yana taɓa ta, fitilunta suna ƙyafta min ido, amma sai wata sabar kamfani a wata duniya ta yarda kafin in yi magana da kayan da na saya da kuɗina. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake.

Na kira ɗan yayata da ke karatun kwamfuta, duk da dare ya yi. Ya saurare ni ya ce, "Kawu, ajiye wayar nan. Ina kebul ɗin da ya zo a cikin kwali?" Yana nan a naɗe, ko ledarsa ba a cire ba. Ya ce in soka baki ɗaya a bayan rauta, ɗaya a laftof, in buɗe burauza in rubuta lambar da ke jikin takardar da aka manna a ƙasan rautar. Tawa 192.168.0.1 ce. Wasu 192.168.1.1 ne, wasu 192.168.8.1. Ya ce in takardar ta goge, a Windows sai ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, lambar da ke gaban Default Gateway ita ce ƙofar rautarka. Na rubuta, shafi ya buɗe nan take, ba data ba komai, tunda tsakanin laftof da rauta ne kawai, ba sai an fita waje ba. Na sa kalmar sirrin da ke jikin takardar, na shiga.

Wallahi sai na ji kamar mutumin da ya daɗe yana haya a zaure, yau aka miƙa masa makullin cikin gida. Ga saƙonnin da kamfanin layi ya yi ta turo wa sim ɗin, har da wanda ya ce data ta ƙare. Na sayi wata ta banki, na gama aikin ɗalibai, sannan na ƙi kwanciya, na koma kan teburin na'urori. A nan kowace waya da layinta: sunanta, lambar da rauta ta ba ta, lambar MAC ɗinta wadda rauta ke gane ta da ita, da tsawon lokacin da ta yi a haɗe. Mu a gidan wayoyinmu da talabijin da laftof ba su kai goma ba. Jerin waɗanda suka taɓa shiga ya haura ashirin, kuma a wannan tsakar daren akwai waɗanda ke kai, da sunaye irin na samari, wani har da sunan ƙungiyar ƙwallo. Sai a lokacin na gane dalilin da majalisar samarin layinmu ta taso daga gindin darbejiya ta dawo jikin katangata, daidai saitin tagar falo. Ni da nake cewa yaran nan sun fara son gaishe ni.

Yadda suka samu kalmar sirrin ba wani kutse ba ne. Tun daga Android 10 da ya fito a 2019, wayar Android da ke kan waifai tana iya nuna hoton QR, wani ya ɗauka da kamararsa ya shiga, ba sai an faɗa masa ko harafi ɗaya ba. Wani yaro da ke shigowa wajen ɗana ya samu, ya ba abokinsa, abokin ya ba majalisa. Dawowarsu bayan na toshe su kuwa, ɗan yayata ya warware min. Maɓallin toshewa na manhaja lambar MAC yake bi. Wayoyin yanzu kuma, na Android daga 10 da iPhone daga iOS 14, ba sa nuna wa rauta lambarsu ta asali, ta aro suke ƙirƙira. In ka toshe ta aron, yaro ya shiga saiti ya juya zuwa ta asali, sai ya dawo a matsayin sabon baƙo. Har ya koya min yadda ake gane ta aro: dubi harafi na biyu, in ka ga 2 ko 6 ko A ko E, ita ce. Na duba teburin, kusan duka haka suke.

Maganin yana cikin shafin kwamfutar, kuma ko alamarsa babu a manhaja. Maimakon ka riƙa bin waɗanda ba ka so ɗaya bayan ɗaya, sai ka juya abin: ka rubuta na gida kaɗai, duk wanda ba ya cikin jerin ba zai shiga ba ko da yana da kalmar sirri. Ɗan yayata ya ja kunnena cewa mai wayo sosai zai iya kwaikwayon lambar wata wayar gida, amma majalisar layinmu ba ta kai nan ba. Ya kuma ce in fara canja sunan waifai da kalmar sirri kafin in rubuta jerin, domin lambar aro tana tafiya ne da sunan waifai, in ka canja suna daga baya wayoyinka za su zo da sababbin lambobi, ka kulle kanka a waje. A nan na ga amfanin kebul. Da waya nake, da na danna ajiye sabuwar kalmar sirri za ta yanke, in koma neman hanyar shiga. Laftof da ke kan kebul ko gezau, ina zaune ina kallon wayoyin majalisa suna faɗuwa daga teburin.

Na kuma tarar da WPS a kunne tun daga kamfani, hanyar nan ta haɗawa da maɓalli ko lamba takwas. Tun a Disambar 2011 aka bayyana cewa lambar tana da rauni, domin rauta rabi-rabi take tantance ta, gwaji kamar 11,000 ya isa a fasa. Na kashe shi. Na tabbatar tsaron waifai ɗin yana kan tsarin WPA2, tawa ba ta da sabon, WPA3. Na canja kalmar sirrin shafin kansa, tunda duk wanda ya ɗaga rautar zai karanta ta asali.

Na san wani zai ce ai burauzar waya ma tana buɗe wannan shafin. Tana buɗewa, na gwada. Amma tawa da ta ga waya ce sai ta kawo wani guntun shafi da aka datse, da tallan a sauke manhaja a sama. In ka tilasta mata ta kawo cikakken, rubutun ya yi ƙanana, teburin ya fita gefe, ka zo rubuta lamba mai harafi goma sha biyu da babban yatsa. A laftof kwafa nake in liƙa.

Sai dai da na zauna da shi na ɗan lokaci, taurari huɗun nan sun yi yawa, bari in rage ɗaya. Shafin yana korar mutum. Ka tashi ka karɓo wayar wani ka duba lambarta, kafin ka dawo ya fitar da kai, abin da ka rubuta ya tafi. Kuma kusan duk abin da ka canja sai rauta ta mutu ta taso, gida gaba ɗaya ya zauna jiran ta, yara suna leƙowa suna tambayar ko Baba ya sake ɓata ta. Turancin shafin ma wani iri ne, ka karanta jimla ka rasa kunnawa take nufi ko kashewa. Burauza kuma kullum sai ta rubuta cewa shafin ba shi da tsaro, abin da ya tsorata ni da farko har sai da aka ce min haka yawancin rautoci suke a cikin gida.

Babbar matsalar ta zo da baƙi. 'Yan'uwan maiɗakina suka zo suna, ƙanwarta ta nemi waifai, aka ba ta kalmar sirri, ya ƙi. Ga wuta an ɗauke, rauta tana kan ɗan batirinta tana aiki, laftof kuwa cajinsa ya ƙare. Maiɗakina ta same ni ta ce, "Malam, yanzu baƙo ma sai an tada janareta kafin ya samu waifai a gidan nan?" Ban da amsa. Daga baya na buɗe waifai na baƙi, mai suna daban da kalmar sirri daban, na rage masa gudu, ina kunna shi in an zo in kashe in an tafi. Shi ma a kwamfuta kawai ake samun wurin rage gudun. Amma kunnawa da kashewar nan aiki ne da waya ta fi dacewa da shi, kuma manhajar da ya kamata ta yi shi ita ce mai neman asusu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sabunta manhajar cikin rautar. Shafin ya nuna akwai sabuwa, na danna, ya ce in yi ta manhajar waya. Dole na sake sauke abin da na goge, na sake neman kalmar sirrin asusu ta imel, na yi sabuntawar, na sake gogewa. Wannan ba gazawar kwamfuta ba ce, da gangan aka tsara shi don kada mutum ya kuɓuce musu.

Akwai ƙananan abubuwa da na ji daɗinsu. Shafin yana nuna ƙarfin sabis da lamba, ba da sanduna ba. Wadda ake kira RSRP, in tana wajen -80 sabis ya yi kyau, in ta gangara -110 ana fama. Da ita na gano tagar ɗakin yara ta fi falo, na mayar da rautar can, wanda hakan ya ƙara nisanta ta da katanga. Na kuma cire tashar da waifai ɗin ke bi a zangon 2.4 daga zaɓin kanta na ajiye ta a 11, tunda 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, kuma maƙwabtana sun cika 6.

Wani abin dariya, bayan an kori majalisa data ta ci gaba da zuba fiye da yadda na zata, sai ga laftof ɗin da nake yabo a sahun gaba. Windows yana ɗaukar waifai da kebul a matsayin intanet mara iyaka, sai ya yi ta sauke sabuntawa a ɓoye. A cikin saitin Network & internet akwai Metered connection, mai gaya wa Windows cewa datar ta lissafi ce, ka kunna shi ga waifai, ka kunna ga kebul daban. Tun daga nan ya natsu.

Samarin sun koma gindin darbejiya. Ɗaya daga cikinsu ya tare ni bayan Magariba ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, sabis ɗin unguwar nan ya lalace kwana biyu, ko kai ma ka lura?" Na ce masa ni dai nawa lafiya lau.

Yanzu abin da ke gabana jerin na gida ne. Guraben da aka ba shi kaɗan ne, kuma sun cika, domin wasu wayoyin sun ci biyu-biyu, ta aro da ta asali. 'Yata ta samu sabuwar waya, kuma babu inda zan sa ta sai na zauna na bi lambobin nan ɗaya-ɗaya na gano wacce ce ta tsohuwar wayar da muka sayar, tunda shafin bai ba da wurin rubuta suna a gefen lamba ba.