Rinin mussa: launi ya kama, amma ba zan ƙara saye ba

Rinin gashin dabbobin nan da ake talla a TikTok ya iso Maradi. Wata mai kawo kayan kwalliya daga Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa ce ta sayar mini, ƴar kwalba mai ruwan hoda, jaka 7 har da safar hannu da ɗan buroshi. Rubutun jikin kwalbar duk Ingilishi ne da Sinanci, babu Faransanci ko layi ɗaya. Sai ƙanena da ya yi karatu a Katsina ya karanta mini: babu amoniya a ciki, a shafa a busasshen gashi, a bari minti 20, a wanke.

Gaskiyarsu ta nan, launi yana kamawa. Mussata fara ce fat, kuma wutsiya da ƙafafun gaba kaɗai na shafa mata, suka fito ras. Ba ya wari mai hawa kai, bai kuma ɓata mata fata ba. Amma mai baƙar mussa ko mai rodi-rodi kada ya ɓata kuɗinsa, ba abin da zai gani.

Matsalar tana cikin minti 20 ɗin nan. Duk wanda ya rubuta su bai taɓa riƙe mussa ba. Da ta ji danshi a jikinta sai ta kai harshe, haka Allah ya halicce ta, balle a bazarar Maradi da zafi ke haura digiri 40, lokacin da lasar jiki ce hanyarta ta samun sanyi. Dole muka naɗe ta cikin zane, ƙanena ya tallabe kanta, kunnuwa a kwance, ido a waje, zuciyarta na bugawa har ina ji a tafin hannuna. Wanki ya fi muni. Da muka sake ta, bayan randa ta shige, ta ƙi cin ko kan kifi har dare. Ƴar'uwarta da suke kwana tabarma ɗaya ta shinshine ta, ta yi mata huci, don ƙamshin da ta sani ya sauya.

Inna tana kallonmu daga ƙofar ɗaki ta ce, "Ke kuwa, ragon layya ce da za ki yi mata alama?" Na ce ai ko dawakin hawan Salla ana sa musu lalle. Ta ce, "Kin taɓa ganin doki na lashe jikinsa tun daga wuya har wutsiya?" Ban samu amsa ba.

Likitan dabbobin da na kai wa kwalbar ya ƙara mini haske. Ya ce hantar mussa ba ta iya narkar da wasu sinadarai yadda ta mutum ko ta kare ke yi, shi ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya ke iya kashe ta. Harshenta kuma mai ƙaya ne, yana kwasar duk abin da ke kan gashi ya kai ciki. Saboda haka rashin amoniya bai isa a ce rini ba shi da illa gare ta ba.

Kyan ma bai daɗe ba. Ta yi birgima a ƙasar tsakar gida, ruwan hodar ya koma launin tsohon tsumma, kuma ba ta yarda in sake wanke ta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƴan matan unguwarmu ta Zariya. Sun ga hoton a WhatsApp, wata ta aiko tana tambaya: "Yaya, in babu irin naki, dayis zai yi?" Ba zai yi ba. Baƙin lalle da dayis suna ɗauke da sinadarin PPD, wanda ko mutum ya sha yana kumbura masa maƙogwaro ya lalata ƙoda. Jan lalle na gargajiya ma ba na cikin mussa ba ne. Wanda ya riga ya shafa, ya wanke nan take da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi. In ya ga tana dalalar da yawu, ko amai, ko fuska ta kumbura, ya garzaya da ita wurin likitan dabbobi tare da kwalbar, kada ya tsaya ɗura mata madara ko manja.