Honda CT110 da na sayo na hannu, ga yadda na same shi

Jama'a mai neman mashin na shiga gona ya duba wannan. Irinsa ne masu raba wasiku suka rika hawa a Ostareliya a da, injinsa karami ne cc 105, giya hudu kuma babu hannun kuloci, ka taka giya kawai ka wuce. Salansa a sama take shi ya sa da damina nake ratsa fadamar nan ta wajen Ringim ruwa bai taba kashe min shi ba.

Tayar da ya zo da ita ta kwalta ce, a yashi sai rawa take, na canza masu kurji gaba da baya, mai walda ya fadada min kariya yanzu buhun taki nake dorawa lafiya lau. Mai kam kadan yake sha wallahi. Amma fa ba shi da gudu, a titin Kano Boxer ma wuce ka zai yi, kuma kayan gyaransa sai ka shiga birni.

Maganar lamba kuwa, kar ka biya kudi sai ka ga takardar kwastan, ka duba lambar inji da ta bodi sun yi daidai da na takarda, don a ofishin haraji ita za su fara tambaya kafin su ba ka lamba.