Allurar rigakafin maleriya a asibitin unguwarmu, Maruwa, Kamaru

Salam iyaye mata, masu tambayata ya allurar nan take, to ga yadda na gani. Na kai autana asibitin unguwa, kyauta ce wallahi ko dala ba su karɓa ba, karne ɗin yaro, wato katin alluransa, kawai za ki riƙo. Matsalar dai layi, in ba ki yi sammako ba rana ce za ta gasa ki, ga kujeru ba yawa, amma nas ɗin tana da haƙuri har da Fulatanci take wa mata bayani.

Sunanta RTS,S, kuma Kamaru ce ƙasa ta farko da ta sa ta cikin alluran yara na yau da kullum a Janairun 2024, bayan an gwada ta a Gana da Kenya da Malawi tun 2019, inda mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Masu cewa da yaranmu ake gwaji don Allah ku daina.

Daga wata shida ake farawa, sau huɗu ake yi, kar ki tsaya a ta farko. Nawa ya ɗan yi zazzaɓi da dare, washegari ya ware. Nas ɗin ta ce ba ta karewa gaba ɗaya fa, gidan sauro da maganin da ake rabawa yara da damina duk a ci gaba da su.