Sharhi: Logitech M185 a kan laftof, inda ya burge da inda yake ba da wahala

Duk wanda ke yini a gaban Excel, ko yana jan layi a CorelDraw, ko yana cike fom ɗin rajista ɗaya bayan ɗaya a shagon intanet, ya san faifan taɓawa na laftof ba ya ɗaukar dogon aiki. Yatsa ya gaji, kibiya ta kuɓuce, a zaɓi rubutu sau uku kafin a dace. Maus marar waya, wanda wasu ke kira linzamin kwamfuta, shi ne mafita mafi sauƙi, kuma Logitech M185 yana cikin waɗanda aka fi cin karo da su a shagunan kayan kwamfuta. Na daɗe ina aiki da shi a kan laftof mai Windows, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa. Sai dai akasarin ƙorafin da ake yi a kansa daga wurare uku yake fitowa: ramin USB da aka soka risiba (ɗan abin da ke karɓar saƙon maus ya miƙa wa laftof), batirin da aka sa masa, da teburin da aka ɗora shi.

A cikin kwalin za ka tarar da maus ɗin, da batir guda girman AA, irin na agogon bango, da ɗan risiba na USB wanda bai fi farcen babban yatsa ba. Maɓallansa uku ne: na hagu, na dama, da 'yar tayar tsakiya da ake murzawa, ita ma ana danna ta. Ƙarfin idonsa, wanda ke ƙasansa yana karanta motsi, DPI 1000 ne (DPI ma'aunin saurin kibiya ne), ba a ƙara shi ba a rage shi. Yana magana da risiba a kan zangon 2.4 GHz, kamfanin kuma ya ce yana kai mita 10. Nauyinsa da batir kimanin giram 75.

Haɗa shi bai kai minti ɗaya ba. Ka zame murfin da ke ƙasansa, ka zare 'yar takardar da ta raba batir da ƙarfe, ka ciro risiba daga ma'ajiyarsa da ke gefen batir, ka soka a laftof, ka tura makunnin ƙasa. Ba a sauke wata manhaja. Windows da macOS da Linux duk suna gane shi da kansu. Kada ka tsorata idan ka kifa shi ba ka ga jan haske ba, idonsa da hasken da ba a gani yake aiki.

Inda mutane suka fi yi wa maus ɗin nan ƙazafi shi ne zancen tsalle. Kibiya ta riƙa maƙalewa, ta tsaya daƙiƙa guda sannan ta zabura, sai a ce maus ya lalace ko jabu ne. Sau da yawa laifin na ramin USB 3.0 ne, wanda ake ganewa da shuɗin harshe a ciki ko alamar SS a gefensa. Idan bayanai suna gudu ta irin wannan rami, yana fitar da hayaniyar lantarki da ke faɗawa daidai zangon 2.4 GHz, wato inda risiba ke saurare. Kamfanin Intel ya fitar da bayani a kan wannan tun 2012. Abin ya fi tsanani idan akwai filash ko hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) na waje a ramin da ke maƙwabtaka, ana kwafar manyan fayiloli. Tsofaffin HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad da ake saye na hannu suna da ramuka kusa da juna, don haka matsalar takan bayyana a kansu sosai.

Gyaran ba ya cin ko kwabo a mafi yawan lokuta. Idan laftof ɗin yana da ramin USB 2.0, mai baƙin harshe, can za ka sa risiba. Idan babu, ka raba su: hadis a gefe guda, risiba a ɗaya gefen, kuma gefen da hannunka yake, don kada jikin laftof ya shiga tsakani, musamman mai jikin ƙarfe. Idan duk ramukan a gefe ɗaya suke, gajeriyar wayar ƙarin USB, ko da ta taƙi ɗaya ce, takan nisanta risiba daga hayaniyar, tsallen ya ɗauke. Haka nan kada a ajiye MiFi ko waya mai raba intanet a jikin risiba, domin su ma a wannan zango suke yawan aiki.

Akwai wata matsalar da ke fitowa idan an ɗauke wuta, laftof ya koma kan batirinsa. Windows yakan rage wa ramukan USB wuta don tattali, sai maus ya yi kamar ya suma. Ka shiga Device Manager, ka buɗe sashen Universal Serial Bus controllers, ka danna USB Root Hub sau biyu, a shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar. Tunda ka shiga saituna, ka leƙa sashen Touchpad ka cire alamar da ke barin faifan taɓawa a kunne alhali maus yana haɗe. Wannan ne ke hana tafin hannu jefa kibiya wani layi kana tsakar rubutu.

Batir kuwa, kamfanin ya ce guda ɗaya yana kai wata 12. Wannan lissafin da batirin alkalin ne. Batiran nan marasa nauyi masu araha da ake sa wa tocila, na zinki da gawayi, ba sa jimawa haka, kuma sun fi saurin zubar da ruwa idan sun mutu a ciki, ga zafin ƙasarmu yana ƙara musu. Ruwan yakan ci sifirin da ke riƙe batir, ya bar wani gari fari ko kore a kai, daga nan ko sabon batir aka sa wuta ba ta wucewa. Idan hakan ta faru, a cire batir, a kankare ƙarfen a hankali har ya yi ƙyalli, a goge da auduga da sifirit, a bari ya bushe. Batirin caji na NiMH yana aiki lafiya duk da cewa bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5. Maus ɗin yana barci da kansa idan an bar shi, motsi kaɗan ya farka, amma a cikin jaka kowane girgiza tashe shi yake yi. Ka kashe makunnin kafin ka jefa shi a jaka, nan ne batir ke ƙarewa ba a sani ba.

Maus ɗin ba ya aiki a kan gilashi, kuma yana ruɗewa a kan tebur mai sheƙi ko tayil, domin idon yana buƙatar ɗan kaushi da zai riƙa ɗauka yana kwatantawa. Shimfiɗar maus ta yadi ita ce daidai, in babu ko bangon littafi marar ƙyalli ya isa. A kan katifa ko dadduma yana tafiya, amma yana kwasar zare. Lokacin hunturu ƙura takan taru a ramin idon da gefen taya, sai shafi ya riƙa komawa sama kana murzawa ƙasa. A hura, a share da busasshiyar auduga, kada a tsiyaya masa ruwa ko mai.

Abin da ban so ba shi ne girmansa. Tsawonsa bai cika santimita 10 ba, mai babban hannu da yatsu zai riƙe shi, tafinsa a rataye, kuma bayan awa uku ko huɗu wuyan hannu zai faɗa masa. Amma siffarsa ɗaya ce hagu da dama, bahago ma zai ji daɗinsa. Dannawarsa tana da ƙara, wanda ke aikin dare kusa da masu barci gara ya nemi ɗan'uwansa M220, mai shiru. Ba shi da maɓallan gefe na komawa baya, kuma masu wasannin harbi su nemi wani.

Sannan ba shi da Bluetooth, dole ya cinye maka ramin USB guda. A laftof mai ramuka biyu wannan asara ce, a sababbin MacBook Air masu USB-C kaɗai kuwa sai da adafta, wadda ke leƙowa waje tana jiran a karya ta. Mai irin wannan laftof ya fi dacewa da M240, wanda Bluetooth zalla ne, ko Pebble M350 mai hanyoyin biyu. Duk da haka risiba yana da fifiko guda da masu gyara suka sani: yana aiki tun kafin Windows ya tashi da lokacin sabon lodi, wato sake ɗora Windows, inda na Bluetooth ba ya motsi.

Wurin saye a lura, jabunsa ya yi yawa. Ka buɗe murfin ka duba rubutun ciki, na gaske tsaf yake da lambobinsa. Ka murza taya ka ji tana tafiya daki-daki ba ta lilo. Idan ka ga jan haske yana walƙiya a ƙasa, ka ƙara bincike. Ka sa a gwada shi a laftof ɗinka kafin ka biya.

Ran maus ɗin nan dai yana cikin risibansa. An ɗaura su da juna tun daga masana'anta, na abokinka ba zai yi maka aiki haka kawai ba. Ka duba ƙasan naka: idan akwai tambarin tauraro ruwan lemo na Unifying, kana iya sayen risiba irinsa ka haɗa su da manhajar kamfanin, guda ɗaya yana ɗaukar na'urori har 6. Idan babu tambarin, neman madadi wahala ce, sau da yawa sayen sabon maus ya fi sauƙi. Risiban ƙarami ne sosai, ana iya barinsa a jikin laftof, amma idan jakarka matsattsiya ce ko kana yawan hawa babur da ita, ka cire shi ka mayar ma'ajiyarsa a gefen batir, domin bugu ɗaya a wannan gefen yana iya lanƙwasa ramin USB ɗin, gyaransa kuma sai an kwance laftof an kai ga bodi, wato babban allon lantarkin da ke cikinsa.