Watkins Glen ya burge ni, takalmi ne ya ci amanata

Tun da aka ba yara hutu uwargida ke min mita wai kullum muna Bronx, unguwarmu a birnin New York, kamar an ɗaure mu da igiya, daga gida sai masallaci sai shagon 'yan Afirka. To ranar wata Asabar a ƙarshen Yuli muna idar da asuba muka ɗau hanya, kusan awa 5 a mota kafin muka isa Watkins Glen, wani gandun shaƙatawa na jihar New York da ke gindin tafkin Seneca. Kuɗin shiga na mota ne ba na kai ba, wannan kam ya min daɗi tunda mu 5 ne.

Wurin dai masha Allah. Wani ɗan rafi ne da idan ka gan shi sai ka raina shi, shi ya yi ta cin dutse har ya haƙa kwazazzabo, bango dama bango hagu wani wurin ya kai ƙafa 200, kai kuma kana tafiya a ƙasa kamar tururuwa. Ruwa na zubowa daga sama har wuri 19 a tafiyar da ba ta wuce mil 2 ba. A wajen fakin rana na dukan mutum, muna kutsawa ciki sai sanyi kamar an buɗe firij, har autana ya ce Abba ina suka ɓoye esin.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Sati 2 kafin tafiyar na yi odar takalmin hawa dutse a intanet, an rubuta ruwa ba ya shiga, ba ya santsi, a hoto kamar na soja. Uwargida ta ce Abban yara wannan arahar ta yi yawa fa, na ce ke dai ba ki san kasuwa ba. Ba mu yi minti 20 da shiga ba muka zo Cavern Cascade, inda hanya ke bi ta bayan ruwan, wato ruwa na zuba a gabanka kamar labule kana wucewa feshi na jiƙa ka. Ina fitowa na ji ƙafar dama tana faf faf, na duba, wallahi tafin takalmin ya wage baki tun daga yatsu har tsakiya, safa ta sha ruwa sharkaf. Gam ne kawai suka shafa, ko zare ɗaya babu. Ga matakala sama da 800 na jirana, duk jiƙaƙƙu, ga hanya matsattsiya mutane na bayanka ba damar tsayawa. Haka na dinga jan ƙafa kamar mai ciwon sanyi, 'yata babba tana toshe baki wai ita ba dariya take ba, uwargida kuwa ko uffan ba ta ce ba, kuma wannan shirun ya fi min zagi ciwo.

Na samu wani lungu na raɓe ina ƙoƙarin ɗaure shi da igiyar jakar yaro, sai ga wata tsohuwar baturiya da sandar tafiya, ta kai shekara 70 a ido. Ta kalli ƙafata ta yi murmushi, sai na ga tana warware wani salatif mai kauri ruwan toka da ta naɗe a jikin sandar tata, ashe don irin wannan rana take yawo da shi. Ni ina ta a'a a'a don kunya, ita ta riga ta duƙa tana nuna min in fara goge ruwan da hankici in ba haka ba ba zai kama ba. Zagaye 6 muka yi masa. Na ciro kuɗi ta ƙi, uwargida ta miƙa mata dambun nama, ta ɗanɗana ta ce a ƙara mata. Ko sunanta ban tambaya ba, abin na damuna har yau.

Abin haushi, yawancin matakalan nan da gadojin dutse bayan ambaliyar 1935 aka sake gina su, suna nan daram ruwa na dukansu dare da rana, ni kuwa takalmin sati 2 ya mutu a wankan farko.

Da na ce zan ba tafiyar tauraro 5 cif, amma bari in faɗi gaskiya, Asabar a lokacin hutu ba ranar zuwa ba ce. A Rainbow Falls, wurin da kowa ke gani a hoto da 'yar gadar dutsen nan, mun fi minti 15 a tsaye saboda masu selfi, wata sai ta ɗauka ta duba ta sake ɗauka, mu muna baya ruwa na ɗiga mana a ka. Kuma duk wanda zai je da yara ya kai su bayi tun a ƙofa, cikin kwazazzabon babu. Sannan a ƙarshe akwai Jacob's Ladder, matakala 180 a jere, nan fa sanyin ya ƙare zufa ta dawo, na tsaya hutawa sau 3 ina cewa salatif nake dubawa. A sama muka yi alwala muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka yi azahar, ba wanda ya ko kalle mu, sannan muka biya 'yar bas ta mai da mu wajen motarmu don ba wanda ke da ƙafar komawa.

Mai takalmi kuwa na tura masa hoto, amsar da ya ba ni wai ana karɓar kaya ne idan ba a sa ba. To da a ka zan ɗora shi? Yana nan bakin ƙofa da salatif ɗinsa, uwargida ta hana a jefar, duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa.