Kwas ɗin dob tekno da na saya da dala 45: abin da ya tsinana mini da inda ya gaza

Shekara tara ke nan ina haɗa kiɗa a wani ɗan situdiyo da ke bayan Bauchi Road a Jos. Aikina waƙoƙin biki ne, da nanaye, da na siyasa in kakarsu ta zo. Duk wanda ya san wannan harkar ya san hannunmu ya saba da cikawa: fiyano, ganga, tafi, sarewa, 'yan amshi, a yi ta zubawa har sai babu masaka tsinke. In ka bar fili ko na daƙiƙa biyu, mai waƙa zai juyo ya ce, "Oga, nan wurin ya yi shiru, a sa wani abu."

Wani abokina da ke karatu a Jamus ne ya jawo mini wannan jidalin. Ya turo mini wani kiɗa ta WhatsApp mai tsawon minti goma sha ɗaya. Na saurari minti biyu na rubuta masa, "Yaushe za a fara waƙar?" Ya ce ai an fara tuntuni. Na yi tsaki na ajiye. Sai wani dare cikin sanyin Disamba, irin sanyin nan na Jos da ke hana mutum taɓa ruwa, ina jiran wani aiki ya gama fita daga kwamfuta, na sa hedifon na sake kunnawa. A nan ne na ji abin da ban ji ba da rana. Bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa, amma babu sau biyu da ya dawo iri ɗaya. Wani lokaci ya matso kusa da kunne, wani lokaci ya nutse kamar an jefa shi rijiya. Na san aikina daidai gwargwado, amma na kasa gane yadda aka yi shi, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Haka na ƙare da sayen wani kwas na bidiyo a intanet, na wani Bature mai haɗa irin wannan kiɗan, wanda ake kira dob tekno. Ba zan kama sunansa ba, don ba talla ya ba ni ba, kuma ina da ƙorafi. Darasi 28 ne, wajen awa tara gaba ɗaya. Katina ya ƙi biya, sai abokin nan nawa ya biya daga can, ni kuma na tura wa ƙanensa naira a nan. Na ɗauki wata uku ina bin sa, galibi bayan sallar isha in masu waƙa sun watse.

Darasin farko tarihi ne, kuma na so in tsallake shi, Allah ya sa ban yi ba. Ya faro daga Jamaika, inda su King Tubby da Lee Perry a shekarun 1970 suke ɗauko waƙar rege da aka riga aka gama, su cire murya, su bar ganga da bes, sannan su riƙa jefa guntayen sauran kayan cikin eko. Wato injiniyan da ke zaune gaban miksa shi ya koma makaɗin, kuma wannan salon shi ake kira dob. Daga nan ya sauko Berlin, inda Moritz von Oswald da Mark Ernestus suka fara fitar da faya-fayai da sunan Basic Channel a 1993, suka aurar da wannan dabarar da bugun tekno, kiɗan rawa na na'ura da ya taso daga Detroit. Wani abu da malamin bai ambata ba, ni kuwa ya faranta mini: marigayi Tony Allen, mai gangar Fela, ya yi aiki da von Oswald ɗin, sun fitar da faifai tare a 2015. Ernestus shi ma ya daɗe yana aiki da makaɗan sabar na Senegal. Ashe dai abin bai yi mana nisan da na zata ba.

Inda kuɗina ya fito shi ne darasi na huɗu zuwa na goma sha uku. Ya fara da bugun kodin nan, wato sautuka uku ko huɗu da ake bugawa tare, da shi ne ruhin kiɗan. A yarenmu na masu fiyano, la-do-mi ne kawai, in ka so ka ƙara so a sama. Za ka ɗauko sauti mai siffar haƙoran zarto, ka sa shi ya fito nan take ya mutu nan take, kamar an ɗan ƙwanƙwasa ƙofa, sannan ka rufe shi da filta har kaifinsa ya dushe. Da na yi na kunna, dariya ta kama ni, don abin ba ya da wani armashi, kamar yaro ya dafa fiyano bisa kuskure. Malamin ya ce haka ake so, wai kada ka gyara shi, aikin yana gaba.

Gaban kuwa shi ne eko. Mu a nan eko abu ne da ake yayyafa wa murya a ƙarshe, kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire. A wurinsa eko ne naman. Ya nuna lissafin a fili: ka raba 60,000, wato milisakan da ke cikin minti ɗaya, da saurin kiɗanka, ka sami tsawon bugu ɗaya. In kiɗan yana tafiya a bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 ne. To kada ka sa ekon ya dawo a kan bugun, ka sa shi a kashi uku cikin huɗu, wato 375. Sai amsa-kuwwar ta riƙa faɗowa a tsakankanin bugun ganga, tana saɓa masa tana komowa, kamar mata biyu suna luguden daka a turmi ɗaya. Wannan lissafin kaɗai ya warware mini rabin abin da ya ɗaure mini kai a daren nan.

Sauran rabin yana cikin abin da ke faruwa da sautin duk lokacin da ya zagayo. Ya kawo hoton Roland Space Echo, na'urar da ta fito a 1974, ya buɗe cikinta: zaren kaset ne ke zagayawa, kai ɗaya yana ɗauka, kawuna uku suna maimaitawa. Da yake zare ne, kowane zagaye sai sautin ya ɗan ƙara dushewa, ya ɗan yi rawa. Duk wanda ya taso da rikoda, ya san muryar kaset ɗin da ya sha rana a gaban mota, ya san abin da ake nufi. Mu da muka yi shekaru muna gudun wannan lalacewar, ga wasu can suna neman ta da kuɗinsu. A kwamfuta ana kwaikwayonta ta hanyar sa filta a cikin madaukin ekon kansa, yadda kowace amsa za ta bi ta rariya kafin ta sake dawowa. A yanke ƙasan sautin, wajen 250 Hz (ma'aunin zurfi ko kaifin sauti) zuwa ƙasa, don kada ya yi cunkoso da ganga da bes, a kuma rage saman. Bayan ekon sai a jera amon ɗaki mai faɗi, ya haɗiye wutsiyar.

Akwai maɓallin da ke ƙayyade yawan abin da ke komawa cikin madaukin, kuma a nan na ci na jaki. Malamin ya yi gargaɗi a sa limita, abin da ke hana ƙara wuce iyaka, a bayan ekon kafin a fara wasa da shi. Ban sa ba. Wajen sha ɗayan dare na murɗa shi ya wuce kima, sautin ya fara cin kansa yana kumbura, kafin in lalubo linzamin kwamfuta sifikuna sun ƙwala wata ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Sai ga Baba mai gadin layinmu yana dukan ƙofa da tocila a hannu.

"Kai yaro, lafiya? Wuta ce ta kama?"

"Lafiya lau, Baba, karatu nake yi."

Ya leƙo ya dubi kwamfutar, ya dube ni. "To Allah ya ba da sa'a. Amma wannan karatun a riƙa yin sa da rana."

Abin da ya fi sauya mini hannu shi ne darasi na goma sha ɗaya. Ya ce kada ka zana motsin maɓallan nan da linzami, ka ɗaura su a kan maɓallan murɗawa na fiyanonka, ka kunna kiɗan, ka danna ɗauka, ka yi ta murɗawa da hannu har minti bakwai ko takwas. Fiyanona yana da irin waɗannan maɓallan guda takwas, shekara biyar ban taɓa sanin amfaninsu ba, ƙura ce kawai ke zama a kansu. Yanzu ɗaya yana buɗe filta, ɗaya yana aika kodi cikin eko, ɗaya yana riƙe tsawon amsar. In ka saki bugu ɗaya cikin ekon ka ɗauke hannu, sai ka zauna kana jin sa yana tafiya shi kaɗai har ya ɓace. Haƙurin jiran ya ɓace kafin ka sake taɓa wani abu, shi ne ya fi ba ni wahala a kwas ɗin gaba ɗaya. Hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Ya kuma koyar da shimfiɗa ƙara a ƙarƙashin kiɗan, irin shuuu ɗin tsohon kaset. Ya ba da nasa fayilolin, amma ya ce gara kowa ya ɗauko na garinsu. Na ajiye waya a taga na ɗauki iskar hunturu tana kaɗa kwanon rufi, da gurnanin janaretan maƙwabta daga nesa. Da na rage shi ƙasa-ƙasa na sa gangar tana ɗan danne shi duk bugu, sai ya zama kamar kiɗan yana numfashi.

Yanzu ga ƙorafina. Na farko, duk kwas ɗin a kan Ableton aka yi shi, kuma shafin tallar cewa ya yi ya dace da kowace manhaja. Ni da yawancin abokan sana'ata a nan FL Studio muke amfani da shi. Dabarar ɗaya ce, gaskiya, amma sai da na riƙa tsayar da bidiyo ina lalube, abin minti goma ya ci mini awa guda. Ga wanda zai bi sawuna: ekon FL Studio mai suna Fruity Delay 3 yana da filta da ɗan ƙonon sauti a cikin madaukinsa, ya ishe ka, sannan Valhalla Supermassive kyauta ne, yana ba da faɗin da ake nema. Ba sai ka sayi komai ba. Da malamin ya faɗi haka a jimla biyu da ya hutar da ni mako guda.

Na biyu, ba a sauke bidiyoyin, sai dai a kalla kai tsaye. Duk wanda ya tsara haka bai taɓa sayen data da kuɗin cefane ba. In an ɗauke wuta ko sabis ya yi ƙasa, bidiyon daga farko yake komawa. Darasi biyar kuma ya ɓata su wajen nuna na'urorin da ke ɗakinsa, waɗanda kuɗin guda ɗaya zai biya mini hayar situdiyo ta shekara. Na tura tambaya a zauren ɗalibai, yau wata biyu ke nan shiru kamar an shuka dusa.

Tambayar kuwa a kan bes ce, kuma ita ce babban giɓin kwas ɗin a wurina. Bes ɗin wannan kiɗan can ƙasa yake zama, wajen 50 Hz, inda ƙirji ke jin sa fiye da kunne. Malamin yana magana ne da mutanen da za su ji shi a manyan sifikun gidan rawa. Mu namu masu sauraron a waya suke ji, ko a 'yar sifikar bulutut da ke rataye a Keke Napep. Na tura gwajina na farko ga yaron da ke taya ni aiki, ya kunna a wayarsa ya ce, "Oga, ka manta ba ka sa bes ba." Da kaina na gano maganin: a ɗan ƙona bes ɗin kaɗan, yadda zai haifar da 'ya'yan sauti a sama waɗanda ƙaramar sifika za ta iya furtawa, sai kunne ya cike sauran. Babin miksin ɗin nasa minti ashirin ne kacal, a gurguje, ko kusa da wannan bai zo ba.

Da na ɗan sami hannu sai na fara gwada kayanmu. Kalangu bai yi ba. Muryarsa hawa da sauka take yi, in amsa uku suka hau kan juna sai su yi ta karo kamar 'yan kasuwa suna ciniki. Gurmi kuwa kamar don wannan aka ƙera shi. Wani dattijo mai gurmi ya zo yi wa wani mawaƙi aiki, da suka gama na roƙe shi ya ba ni bugu ɗaya tak.

"Ɗaya? Ɗana, kuɗin mota na biya daga Bukuru."

Ya dai buga. Na jefa shi cikin madaukin na miƙa masa hedifon. Ya daɗe idonsa a rufe, sannan ya ce kamar lokacin da suke yara suna kiwo, su yi kira a tsakanin duwatsu dutse ya amsa musu. Ya ce in sake sa masa.

Shin zan ce a saya? In ka riga ka iya manhajarka, kana jin Turancin da ake yi da sauri, kuma kana da inda za ka sami intanet mai arha, darussa goman nan na tsakiya sun ci kuɗinsu. In yanzu ka fara, ajiye dalarka tukuna. Kuma kada ka saya da tunanin kasuwa, don har yau babu wanda ya taka ƙofata a Jos ya ce in yi masa dob tekno. Wanda na yi mai minti tara, mutum huɗu ne suka ji shi har ƙarshe, ɗaya daga ciki ni ne.

Sai dai makon jiya ina haɗa wata waƙar biki, a ƙarshen baitin da aka ambaci sunan amarya na cire fiyano da tafi gaba ɗaya, na ɗauki kalmar ƙarshe kaɗai na jefa ta cikin eko mai 375, na bar ta ta yi ta dushewa har bugu takwas. Mawaƙiyar ta cire hedifon ta ce, "Yaya, me ka yi wa muryata a nan?" Na kai hannu zan mayar da fiyanon. Ta ce a'a, in bar shi, amma in yi irinsa a wurin sunan uwar ango, don ita ce za ta biya.