Sashen bibiyar masu shan warfarin: yabo da ƙorafina

Wannan sashen na asibitinmu ya cancanci yabo, ko da yake layinsa na iya cinye wa mutum safiya ɗungurungum. Ni direban tirela ne, yawan zama a mota ya sa jini ya daskare mini a jijiyar ƙwauri, aka ɗora ni a kan warfarin, maganin hana jini daskarewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan littafin da suke ba kowa. Duk zuwa sai an rubuta sakamakon gwajin INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa, gudan jinin na iya dawowa, har ya tafi huhu; in ya haura, sai haɓo da jinin dasashi. Nas ɗin kan duba littafin gaba ɗaya, ba na ranar kawai ba, don ta ga yawan lokacin da na yi cikin ma'auni.

Ita ce ta ce mini, "Malam, ba a hana ka zogale da alayyafo ba, amma kada yau ka ci tuli gobe ka daina." Sinadarin bitamin K da ke cikinsu yana rage ƙarfin maganin. Ta kuma gargaɗe ni kan sayen metronidazole (maganin kashe ƙwayoyin cuta) a kemis, domin shi ƙara wa warfarin ƙarfi yake yi.

Ƙorafina ɗaya: sakamako kan makara, wani lokaci sai washegari, kuma ba sa kira a waya. Ga matafiyi irina wannan babbar matsala ce. Likita ya yi mini tayin rivaroxaban, wani maganin hana jini daskarewa wanda ba ya buƙatar gwajin INR, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna.